Zancen Iyali: Jaririn da ke Jikin Gwangwani

Duk wanda ya bi Titin Ibrahim Taiwo a Kano, tsakanin Fagge da Sabon Gari, idonsa ba ya samun hutu. Ga allon kamfanin waya, ga na taliya, ga na sabulu, kowanne yana kiran aljihu. In ya leƙa Kasuwar Singa kuwa, sai ya tarar da katan-katan na madara an jibge su har rufi. Amma akwai talla ɗaya wadda bai kamata ya gan ta bisa allo ba, gama doka ta hana ta, wato tallar madarar gwangwani ta jarirai. Matasanmu ba su san an taɓa yinta ba. Iyayenmu mata sun san ta sarai, waɗansunsu kuwa da hawaye suka san ta.

Daga shekarun 1960 zuwa na 1970 wannan talla ta cika biranen Afirka. Ana jin ta a rediyo, ana ganinta a jarida da kalandar bangon asibiti. Hoton kusan ɗaya ne kullum: jariri ɓul-ɓul, kumatu kamar za su fashe, ga uwa tsaf-tsaf tana murmushi da bulumboti a hannu. Lactogen na kamfanin Nestlé, da Cow & Gate, da SMA, duk sun shiga gasar. Har waɗansu kamfanoni sukan sa wa 'yan mata masu talla fararen kaya irin na nas, su shiga ɗakin masu jego suna raba ƙananan gwangwanaye kyauta. To, wace uwa ce za ta yi musu da mai farin kaya a cikin asibiti?

Mai zana hoton bai zana tulun ruwan gidan ba. Madarar gari tana bukatar ruwa mai tsabta wanda aka tafasa, da bulumboti da aka dafa kowane lokaci, dare da rana. Uwar da ke sayen ruwa wurin ɗan garuwa, tana lissafin itace ko kananzir, ina za ta iya wannan sau shida ko bakwai a yini? Madarar da ta saura kuwa, cikin zafin Kano, ba firij, nan da nan ƙwayoyin cuta sun mamaye ta. Sai zawo ya kama yaro. Umarnin da ke jikin gwangwani ma da Turanci aka rubuta shi, yawancin uwaye ba su iya karanta shi ba.

Sa'an nan ga kuɗi. A shekara ta 1974 an lissafta cewa a Nijeriya madarar jariri mai wata 3 tana cin kashi 30 cikin ɗari na mafi ƙarancin albashin ma'aikacin birni, in ya kai wata 6 kuwa ta kai kashi 47. Saboda haka uwa takan rage gari ta ƙara ruwa, domin gwangwanin kwana huɗu ya kai mako biyu. Yaro yana shan farin ruwa, yana ramewa, ita kuwa tana tsammani tana ba shi abincin 'ya'yan masu arziki. Mugun tarkon yana cikin gwangwanin nan na kyauta. Nono yakan zo ne gwargwadon yadda jariri ke tsotsonsa. In yaro ya yi kwanaki kan bulumboti, nono sai ya ragu. Kafin kyautar ta ƙare, uwa ta riga ta zama mai ciniki dole.

Likitoci sun daɗe suna kuka. Dokta Cicely Williams, wadda ta yi aiki a ƙasar da ake kira Gana yanzu, ita ce ta sanar da duniya sunan cutar kwashiyoko. Kalmar ta harshen Ga ce, tana nufin ciwon yaron da aka ture daga nono domin ƙaninsa na tafe, abin da mu muka sani a sha'anin kwanika. Tun 1939, a Singafo, ta tsaya gaban manyan 'yan kasuwa ta daidaita irin wannan talla da kisan kai. Ba a saurare ta ba. Sai a 1974, sa'ad da ƙungiyar War on Want ta Ingila ta buga ɗan littafi mai suna The Baby Killer, magana ta fito fili. Waɗansu matasa a Suwizalan suka juya shi cikin Jamusanci, suka sa masa suna mai cewa Nestlé na kashe jarirai. Kamfanin ya kai su ƙara, ya kuwa ci shari'a a 1976. Amma alƙali ya ci kowannensu tarar faran 300 kaɗai, ya kuma gargaɗi kamfanin ya sāke hanyar tallarsa.

A 1977 aka soma ƙaurace wa kayan Nestlé a Amurka, ikkilisiyoyi da yawa kuwa suka sa hannu, gama ma'aikatansu na asibitocin mishan sun ga abin da idonsu. A watan Mayu na 1981 taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya kafa ƙa'ida: ba tallar wannan madara ga jama'a, ba raba ta kyauta ga uwaye, ba hoton jariri a jikin gwangwani. Ƙasashe 118 suka yarda, Amurka kaɗai ta ƙi. Nijeriya ta mai da wannan doka a 1990, yau kuwa hukumar NAFDAC ce ke lura da ita.

Kada a fahimce mu a karkace. Madarar gwangwani ta ceci marayu da yawa, da 'ya'yan matan da ciwo ya hana su shayarwa, ba kuwa abin kunya ba ne uwa ta nemi shawarar asibiti a kanta. Mu ma muna da namu laifi wanda ba kamfanin da ya koya mana. Har yanzu akwai gidajen da kaka takan sa a matse dakashi a zubar, wai ƙazanta ne, alhali shi ne rigakafin yaro na fari. Akwai masu ɗura wa jariri ruwa tun ran suna domin zafi, ko da yake likitoci sun ce nono zalla ya isa har wata 6. 'Yan Zumuntar Mata da ke zuwa barka suna da bakin magana a nan fiye da kowane likita.

Tallar dai ta sauka daga allo, ta shiga wayar hannu. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka tambayi uwaye da masu ciki wajen 8,500 a ƙasashe 8, har da Nijeriya, suka tarar fiye da rabinsu tallar madara ta riske su, sau da yawa ta bakin ma'aikatan lafiya ko ta intanet, a matsayin shawara. A 2024 kuma wata ƙungiya ta Suwizalan mai suna Public Eye ta auna Cerelac, ta ce wanda ake sayarwa a ƙasashe irin namu an ƙara masa sukari, alhali irinsa na Ingila da Jamus ba a ƙara ba. Kamfanin ya amsa cewa yana bin dokokin kowace ƙasa. Kowace uwa tana da iko ta kai ƙara ofishin NAFDAC in an miƙa mata gwangwanin kyauta a ɗakin awo ko a ɗakin haihuwa, maigida ma yana da wannan iko.