Shirun Na'ura Ba Shaidar Lafiya Ba Ne

Kwanakin baya ƙanena, wanda ke kula da kwamfutocin wata makaranta mai zaman kanta, ya kira ni bayan sallar isha'i muryarsa na rawa. Rumbun sakamakon jarrabawar ɗalibai ya lalace, da ya je ɗauko kwafin ajiya kuma sai ya tarar na ƙarshe ya yi wata huɗu.

Makarantar tana da babbar kwamfuta guda, wadda masana ke kira uwar garke. Manhajar ESXi ce ke rarraba ƙarfinta ga wasu kwamfutoci marasa gangar jiki da ke zaune a cikinta, tamkar 'yan haya a gida ɗaya: wannan na riƙe da sakamako, waccan na lissafin kuɗin makaranta. Don kada ya riƙa kwafa da hannu, ƙanen nawa ya danƙa aikin ga cron, wata tsohuwar manhaja da ta samo asali a tsarin Unix tun shekarun 1970. Gurabe biyar ake cike mata: minti, awa, ranar wata, wata, da ranar mako. Ya umarce ta da ta yi ajiya kullum da ƙarfe biyu na dare, ya gwada, ya ga ta yi, ya kwanta da kwanciyar hankali.

Abin da ya shige masa duhu shi ne, ESXi tana mayar da jadawalinta yadda ya zo na asali duk lokacin da aka sake kunna ta, sai fa idan an sanya umarnin cikin fayil ɗin local.sh, wanda take karantawa yayin tashi. Wata rana aka ɗauke wuta, batir ya ƙare, na'ura ta mutu ta farfaɗo, jadawali ya tafi. Ba ta yi ƙorafi ba, domin babu sauran aikin da za ta ce ya gaza. Ko agogonta ma na UTC ne, wanda ke bayan namu da awa ɗaya; ƙarfe biyunsa ashe ƙarfe uku ne.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ciwon ƙananan ma'aikatu ne kaɗai. A ranar 31 ga Janairun 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge bayanai bisa kuskure. Sai a lokacin aka gano cewa aikin ajiyar da aka tsara ya daɗe yana gazawa, saƙonnin gargaɗin da yake aikawa kuma ba sa isa ga kowa. Kamfanin ya yi asarar bayanan kusan awa shida.

Ra'ayina shi ne, wanda ya tsara wa na'ura aiki bai sauke amana ba, ya dai sauya mata siffa. Wajibi ne a duba jadawali bayan kowace ɗaukewar wuta. A sa aikin ya aiko da saƙo idan ya kammala, ta yadda rashin saƙon zai zama ƙararrawa. Sannan ko sau ɗaya a wata a dawo da kwafin ajiya a gani ko yana buɗewa.

Shugabannin makarantu da asibitoci kuma ba sai sun iya kwamfuta ba kafin su tambayi ma'aikacinsu: yaushe aka yi ajiya ta ƙarshe, wa kuma ya gani da idonsa? Da an yi wa ƙanena wannan tambaya, da malamai ba su kwashe mako biyu suna sake shigar da maki daga takarda ba.