Cinikin Biri A Sama

Akwai wata magana da ta shigo fadojin matasanmu, daga Tamaske zuwa Kaita, daga Buza zuwa Madawa, kuma ina son mu tare ta tun ba ta yi saiwa ba. Bidiyo ne ke yawo a WhatsApp: mota mai buɗaɗɗen baya, ƙirar Hilux ɗin da muka saba gani, amma ba ta shan isansi, ba ta shan gazuwal, da kuran take tafiya. Ana cewa a Amurka ba sai ta fito ba, ka ba da ɗan kafin alƙalami a rubuta sunanka, ran da anka ƙera ta kai ne a gaba. Sai ka ji wani ya aje kofin shayi ya ce: "Wanga shi na ci gaba, mu muna nan muna barci."

Ni kam na ce wanga ba ci gaba ba ne. Tsohon ciniki ne da kakanninmu sunka raɗa wa suna tun ba a san mota ba: cinikin biri a sama. Kuma ba sai mun tafi Amurka ba kafin mu gan shi, yana nan cikin garakan albasarmu. Amma bari mu fara da motar, tunda ita ce ta ɗauke hankali.

Ran 21 ga Nuwamba 2019 Elon Musk, shugaban kamfanin Tesla, ya nuna wa duniya Cybertruck. Ya ce mafi araha cikinsu za a saida ta dala 39,900, kuma za a fara ƙerawa ƙarshen 2021. Kafin alƙalami dala 100 ne kacal. Ku lura, dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. In mun lissafa kowace ɗaya a sefa 600, dala 100 jika sittin ke nan, motar kuma wajen miliyan 24. A daren nan anka jefi gilashinta da dunƙulen ƙarfe don a nuna ba ya fashewa, ya tsage a gaban kowa. Duk da haka, cikin mako guda Musk ya ce mutum 250,000 sun rubuta suna.

Mi ya biyo baya? 2021 ta wuce, 2022 ta wuce. Sai ran 30 ga Nuwamba 2023 anka miƙa motocin farko, bayan shekara huɗu cif. Farashin da anka sanar ranar ya kama daga dala 60,990 zuwa 99,990, kuma ta 60,990 ɗin ma cewa anka yi a jira ta sai 2025. Waɗanda anka fara kira su zo su ɗauka, wajen dala 100,000 anka nema a hannunsu. Babbar cikinsu da anka ce za ta yi fiye da kilomita 800 a caji ɗaya, da ta fito ɗari biyar da 'yan kai take yi. Ta dala 39,900 kuwa babu wanda ya taɓa sayenta a wannan kuɗi.

Kada wani ya ce ai halin mutum ɗaya ne. Ford, kamfanin da ya haura shekara ɗari yana ƙera mota, ya nuna F-150 Lightning a watan Mayu 2021 a kan dala 39,974, kafin alƙalami dala 100. Zuwa Disamba sunaye sun kusa 200,000, har anka rufe rajista. Waɗanda sunka samu shiga da wuri sun saye ta a tsohon kuɗi. Sauran suna cikin layi farashi ya tashi sau huɗu tsakanin Agusta 2022 da Maris 2023, ya tsaya a 59,974. Daga baya an rage, amma bai koma inda ya faro ba.

Za a ce da ni: "To mine ne na zafi? Kuɗin ana maida su in ka fasa, kuma kaɗan ne." Gaskiya ne ana maidawa. Amma ku yi lissafi. Mutum 250,000 kowa dala 100, dala miliyan 25 ke nan, rance babu ruwa, babu ranar biya. Kuma ba kuɗin ne babbar ribar ba, sunayen ne. Kamfani yana ɗaukar jerin sunayen ya kai gaban masu zuba jari ya ce ku dubi yawan masu jirana. Da layin da ka tsaya ake tara dukiya, kai kuwa abin da ke hannunka lamba ce. Kamfanin Lordstown Motors na jihar Ohio ya ce a farkon 2021 yana da masu jiran motarsa Endurance har 100,000. Da anka bincika, sai anka tarar alkawura ne da ba su ɗaure kowa ba. Shugabansa ya sauka a watan Yuni na shekarar, kamfanin ya karye a Yuni 2023.

Za a kuma ce kayan batir sun yi tsada a 2022, kamfani ba zai saida da hasara ba. Wanga ma gaskiya ne. Sai dai tambayata ita ce: in kasuwa ta juya, wa ke ɗaukar nauyin? Takardar da ake sa wa hannu ta riga ta amsa. Ba takardar saye ba ce, wurin tsayuwa ne a layi, kuma mai saidawa ya riƙe ikon sake farashi da ranar bayarwa. Kai ka ba da kuɗi na gaske, shi ya ba ka magana. Kuɗinka an ƙirga su, maganarsa ba a auna ta ba.

Yanzu mu dawo gida. Duk ɗan Adar ya san yadda noman albasa ke tafiya. Da damina ta ɗauke, manomi na bukatar iri, taki, man injin ban-ruwa, da kuɗin 'yan dashe, a lokacin da aljihunsa ya bushe. Sai ya nufi ɗan kasuwa ya amshi kuɗi, a kan zai biya da buhu in an cire albasa. Lokacin cirewa, wajen Maris da Afrilu, kowa ya fito da tasa, farashi na ƙasa. In an yanke farashi tun ranar amsar kuɗi, an yanke shi ƙasa da ƙasa. In ba a yanke ba, da kuɗin ranar da kasuwa ta cika za a yi lissafi. Buhun ma ba ma'auni ne tsayayye ba, ana ɗura shi har ya yi hula. Bayan wata biyar ko shida, albasar da ta kwana a rudu ta ninka kuɗinta, amma ba a hannun wanda ya sha rana take ba.

Ku dubi abin da kyau. A Amurka mai saye ne ya ba da kuɗi, mai saidawa ya riƙe farashi. A Tamaske mai saye ne ya ba da kuɗi, kuma shi ya riƙe farashi. Kamar sun saɓa, amma abu ɗaya ne: ko ta wace hanya kuɗin sunka bi, farashi yana hannun mai ƙarfi, jira da hasara suna kan maras ƙarfi. Ban ce duk ɗan kasuwa azzalumi ne ba. Wanda ya loda kamyo zuwa Abijan ko Kumasi ya san albasa na ruɓewa a hanya, ya san shingaye nawa ke gabansa. Yana da haƙƙin riba. Abin da ba shi da haƙƙi a kai shi ne ciniki wanda ƙofa ɗaya ce a buɗe, kuma tasa ce.

Haka yake ga 'yan'uwanmu 'yan ci-rani. Mutum ya shekara uku yana tara gumi a Abijan ko Libiya, ya ga hoton mota a waya, ya aika wa dillali rabin kuɗi a Kwatano ko Lome. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 iyakar Benin ta rufe, hanyar kaya ta koma ta Togo da Burkina, kuɗin ɗauko ya ƙaru. Wa ya biya ƙarin? Wanda kuɗinsa sunka riga shi tafiya. Ba ya iya fasawa, ba ya iya jayayya, sai dai ya ce "to, Allah ya kawo ta lafiya."

Abin takaici, mu ba baƙi ba ne ga maganin wagga cuta. Duk wanda ya zauna zaure ya ji babin ciniki a Risala ya san malamanmu ba su hana biyan kuɗi kafin kaya ba. Sun halatta shi da sunan salam, amma sun kewaye shi da sharuɗɗa: a san irin kayan da siffarsa, a san ma'auninsa, a san ranar bayarwa, a yanke kuɗin tun farko kuma kada ya motsa. Ku ɗora takardar Cybertruck a kan wanga sikeli. Siffa ta sake, rana ta sake, kuɗi sun sake. Ku ɗora bashin albasa: buhu ba ma'auni. Abin da ake kira mana sabon salon zamani ya kasa cika sharaɗin da almajiri ya haddace.

Wani zai ce ni maƙiyin ci gaba ne. A'a. Ranar Adar ta ishe mu dukiya. Tashar hasken rana ta Malbaza, mai megawat 7, tana aiki tun 2018, kuma manoma da yawa sun fara jan ruwa da faranti maimakon isansi. In wata rana mota mai batir ta ɗauki albasa daga Tamaske zuwa Tawa da hasken da Allah ya ba mu kyauta, ni ne farkon mai guɗa. Amma a ƙasar da wajen mutum ɗaya cikin biyar ne ke da kuran, ƙasar da ta ɗanɗani duhu lokacin da Najeriya ta yanke layi daga Agusta 2023 har Maris 2024, wanda ya ce ka ba shi kuɗi yau don motar gobe, fara tambayarsa inda za ka caja ta da wanda zai gyara ta in ta tsaya a hanyar Kaita.

Akwai labari ɗaya cikin waɗanga motoci da ya kamata mu riƙe. Ran 1 ga Maris 2022 kamfanin Rivian ya ɗaga kuɗin motarsa R1T daga dala 67,500 zuwa 79,500, har a kan waɗanda sunka daɗe da ba da dala 1,000 suna jira. Mutanen ba su yi shiru ba. Sunka yi ca, sunka shiga janye sunayensu da yawa a lokaci guda. Kwana biyu tsakani shugaban kamfanin, RJ Scaringe, ya ba da haƙuri ya maida musu tsohon farashi. Ba tausayi ya sa shi ba. Layin da yake taƙama da shi ne ya ga zai watse. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Manomi ɗaya ba ya iya ce wa ɗan kasuwa a auna da kilo, amma manoman fadama guda in sun haɗa baki suna iyawa. Tsarin warantaji da anka shigo da shi Nijar tun ƙarshen shekarun 1990, inda ƙungiya ke kulle hatsinta a sito ta amshi bashi a kansa har farashi ya tashi, ya nuna ana iya samun kuɗin bukata ba tare da an miƙa wuya ba.

Mu 'yan lakwal, mu ake kira a karanta takarda. Mu ake miƙa wa waya a ce "duba mini wanga." Baba ba ya jin Faransanci, yaya yana can nesa, amanar tana wuyanmu. Saboda haka duk wanda ya zo neman kafin alƙalami, ko na mota ne, ko na injin ban-ruwa, ko na albasar da ba ta yi kai ba, mu yi masa tambaya huɗu a gaban shaidu. Nawa ne kuɗin, kuma an rubuta ba za su motsa ba? Wane kaya ne, da wane ma'auni? Wace rana? In kai ka saɓa, mi za ka biya? In ya amsa duka ya sa hannu, a yi ciniki, Allah ya sa albarka. In ya fara "ai ka yarda da ni," to ku ce masa ya sauko da birin tukuna, mu ga wutsiyarsa, sannan a yi maganar kuɗi.