Gidan da ake sabon gini duk shekara ba ya riƙe kofi

Jiya da daddare a gidan kallon ƙwallo na bayan hostal, musu ya kaure tsakanin 'yan Madrid da 'yan United har mai gidan ya ce zai kashe janareto. Wani ƙanenmu ɗan aji biyu ya rantse sirrin Madrid kuɗi ne kawai, wani ya ce alƙalan wasa, wani ma cewa ya yi asiri ne. Na dawo ɗaki don in ci gaba da babi na uku na bincikena, amma maganar ta ƙi barin raina.

Kuɗi na da tasiri, wannan ba musu. Kulob ɗin da ya ci kofi shi ke kwasar kuɗin talabijin da na talla, ya sayi gwanaye, ya sake ci. To amma 'yan United ku ba ni amsa: Ferguson ya ɗauki Firimiya sau 13, ya ajiye aiki a 2013, tun daga nan kuɗin da aka narkar ba su ƙirguwa, kofin kuwa bai sake leƙo Old Trafford ba. Dattijon ya san lokacin da ake sallamar tauraro. Ya sayar da Beckham a 2003, ya saki Ronaldo a 2009, aka yi ta kururuwa, shi ko ya ci gaba da ɗaukar kofuna. Illar kawai, tsarin duk a kansa yake, da ya tafi sai ya tafi da abinsa.

Ku dubi Madrid. Sun ci kofin zakarun Turai uku a jere, 2016 zuwa 2018, Ronaldo ya kama gabansa, muka ce ta ƙare musu. Ashe sun riga sun sayi Vinicius tun yana ɗan yaro. Suka sake ɗauka a 2022 da 2024. Tun magabaci na kan ganiyarsa ake renon magaji.

Kada a ce abin na Turawa ne. Enyimba ta Aba ta ci gasar Najeriya sau 9, ta ɗauki kofin zakarun Afirka a 2003 ƙarƙashin Kadiri Ikhana, aka sauya koci, ta sake ɗauka a 2004 da Okey Emordi. Shugaban kulob ɗin na wancan lokacin, Felix Anyansi-Agwu, ya shafe sama da shekara 20 yana riƙe da ragama. Ni ɗan Pillars ne, wallahi faɗin wannan da ciwo. Mun ci gasar a 2008, muka jera 2012, 2013 da 2014, amma a 2022 sai ga Masu Gida sun faɗa rukuni na ƙasa. Hawa sama abu ne, zama a can kuma wani abu ne daban.

Jama'a, abin da ya sa na kawo zancen nan shi ne ƙungiyarmu ta ɗaliban Arewa. Shekarata ta biyu ke nan a kudu, na ga shugabanci biyu. Waɗanda suka sauka sun yi ƙoƙari: sun tarbi sababbin ɗalibai a tasha, sun nema wa wasu masauki, sun tara wa waɗanda kuɗin rajista ya gagara. Da suka gama karatu, littafin asusu ya ɓata, sunayen masu tallafa mana suna cikin wayar mutum ɗaya, shi kuma yana bautar ƙasa. Bana na haɗu da wani yaro da ya kwana huɗu a masallaci da jakarsa, don bai san wa zai kira ba. Mun zama United bayan Ferguson.

Zaɓe na tafe. Kafin mu shiga rigimar ɗan wace jiha zai hau, mu nemi abu uku: a rubuta komai a ajiye inda kowa zai gani, kowane shugaba ya riƙa tafiya da ɗan aji ɗaya ko biyu yana koya masa aiki, sannan kada a ba mai sauka takardar yabo sai ya miƙa lissafi a gaban taro.

Mu 'yan digiri na biyu baƙi ne, gobe mun tafi. Ku ƙannenmu ku ne za ku daɗe a nan. Wanda bai yarda da ni ba, mu haɗu gidan kallo ran Asabar, shayin na kaina.