Ƙaramar mujiyar daji da ofishin da aka nemi rufewa a Amurka

Duk lokacin kaka, ƙungiyoyin masu kallon tsuntsaye na garuruwan Amurka da Kanada kan kira taro, su gayyato masu bincike domin su yi bayani kan wata 'yar mujiyar daji da ake kira saw-whet. Mahalartan sun haɗa da malaman makaranta da 'yan fansho da ɗalibai. Wanda ya hango daga nesa zai ɗauka hirar marasa aikin yi ce. Sai dai a irin waɗannan tarurruka ake samun masu raba dare a daji ba tare da an biya su ko sisi ba, kuma da guminsu aka tara akasarin abin da aka sani game da ƙaurar wannan tsuntsuwa.

Tsawonta kimanin santimita 20 ne, nauyinta kuma tsakanin giram 75 zuwa 100, wato wayar hannu ta fi ta nauyi. Da rana takan lafe cikin duhuwar itatuwa, da dare ta fito farautar ɓeraye. Ba ta gina sheƙa, sai dai ta yi ƙwai a ramukan da wasu tsuntsaye suka sassaƙa a jikin tsofaffin itatuwa. Saboda wuyar ganinta, an daɗe ana zaton ba ta da yawa.

Lamarin ya sauya a shekarun 1980, lokacin da masu bincike a jihar Wisconsin suka fara kunna kukan namijin ta lasifika kusa da raga mai laushi. Nan da nan adadin da ake kamawa ya ninka. A 1994 masanin tsuntsaye David Brinker na jihar Maryland ya kafa shirin Project Owlnet domin haɗa kan masu wannan aiki, kuma a yau tashoshinsa sun haura 100. A watannin Oktoba da Nuwamba, duk mujiyar da ta faɗa raga akan auna ta, a haska fikafikanta da irin fitilar da ake duba jabun kuɗi da ita, domin sabon gashi kan yi ƙyallin ruwan hoda, ta haka ake gane shekarunta. Daga nan sai a sa mata zobe mai lamba a ƙafa, a sake ta.

Sakamakon ya rushe tsohon zato. An gano cewa tana cikin mujiyoyin daji mafi yawa a arewacin nahiyar, tana yin ƙaura mai nisa zuwa kudu, kuma yawan masu ƙaurar kan hau ya sauka kusan duk shekara huɗu, gwargwadon yalwar ɓeraye a dazuzzukan arewa. An kuma lura cewa mata ne suka fi faɗawa raga.

Amma duk wannan aiki ya rataya ne a kan ofishin gwamnati guda ɗaya. Zoben ba ya da amfani sai akwai inda za a kai lambarsa idan wani ya sake kama tsuntsuwar a wata jiha. Ofishin sa wa tsuntsaye zobe, wanda aka kafa a 1920 kuma yake Maryland ƙarƙashin hukumar USGS, shi ke ba da lasisi da zobba, shi ke adana miliyoyin bayanai tare da takwaransa na Kanada. A 2025 gwamnatin Shugaba Donald Trump ta gabatar da kasafin da ya nemi soke sashen nazarin muhalli na hukumar, mai cin kusan dala miliyan 300 a shekara, wanda ofishin ke cikinsa.

Majalisar dokoki ce ke yanke hukuncin ƙarshe kan kasafi, kuma masu neman tsuke bakin aljihu suna da hujjarsu. To amma lissafin bai tsaya nan ba. Ma'aikata ƙalilan ne ke riƙe da kundin da dubban masu aikin sa kai ke cikawa kyauta, kuma da shi ake tsara yawan agwagin daji da mafarauta za su harba. Daren ƙaurar da ya wuce ba a ƙidaya ba, babu kuɗin da zai dawo da shi. Binciken da mujallar Science ta wallafa a 2019 ya nuna cewa Amurka da Kanada sun yi asarar tsuntsaye kusan biliyan 3 tun 1970, kuma dogayen bayanai irin waɗannan ne suka ba da damar gano hakan.

A Najeriya ma an ɗauki wannan hanya. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke dajin Amurum a Jos ta ƙaddamar da shirin taswirar tsuntsayen ƙasar a 2015, wanda ya dogara da ƙungiyoyin sa kai na jihohi. Mujiya dai a nan tana fama da camfi da baƙin jini, alhali tana rage wa manomi da ɗan kasuwar hatsi ɓeraye. Matasan da ke zagaya dazuzzuka da fadamu suna ƙidaya sun yi nasu. Abin da ya rage shi ne hukumar da za ta riƙe kundin shekara da shekaru, ko da gwamnati ta sauya.