Ƙarfi Daban, Hurumi Daban: Koyarwar Kiristanci Kan Ikon Alheri Da Na Mugunta



Akwai wata fitowa da ta zama ruwan dare a labarai da finafinan ƙasar nan. Boka ya yi jifa, mutumin Allah ya tare. Wannan ya turo wuta, wancan ya mayar masa da ita. A ƙarshe wanda ya fi ƙarfi shi ne mai gaskiya, sai a rufe labari. Idan mutumin Allahn nan fasto ne, mai karatu yakan tafi da zaton ai haka addinin Kirista ya koyar, wato alheri da mugunta 'yan dambe biyu ne, sai wanda ya kai wani ƙasa. A ganina wannan fahimta ta yi hannun riga da koyarwar Kiristanci. Abin da Littafi Mai Tsarki da manyan malaman Kirista suka tsaya a kai shi ne, nuna ƙarfi ba ya zama hujjar gaskiya. Abin tambaya shi ne wa ya aiko mutum, kuma me yake yi da abin da aka ba shi.

Duk wuraren da zan ambata, mai son tantancewa zai same su da Hausa, domin tun 1932 aka fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki a harshen nan, kuma majami'u irin su ECWA da COCIN da EYN suna ibada da Hausa har gobe. Ke nan cikin masu karanta rubutunmu akwai waɗanda wannan koyarwa ce abin riƙonsu.

Mu fara da kalma, tunda ita ce jarinmu. Da harshen Girka aka rubuta Sabon Alkawari, kuma akwai kalmomi biyu da ke yawan fitowa a wannan batu. Ɗaya "dunamis", wato ƙarfin aikata abu. Ɗayar "eksusiya", wato izini ko hurumin aikata shi. A bakinmu na yau da kullum kalmar "iko" takan ɗauki duka biyun, shi ya sa muke saurin cakuɗa su. Amma ku dubi masinjan kotu, dattijo ramamme, ya kai wa ƙaton ɗan dambe sammaci. Da mari ɗaya ɗan damben zai iya kai shi ƙasa, amma ranar zama dole ya je gaban alƙali. Ɗan dambe ke da ƙarfi, masinja ke da hurumi. Hurumin kuma aro ne. Ranar da aka sallame shi daga aiki, takardar da ke hannunsa ta zama ta ƙunshe ƙosai.

Wannan shi ne abin da wani hafsan sojan Roma ya gane a Matiyu sura ta 8. Ya zo neman a warkar masa da bawansa, sai ya nuna wa Yesu cewa ba sai ya taka zuwa gidan ba, umarni kawai ya isa. Dalilinsa shi ne shi ma yana ƙarƙashin na gaba da shi, shi ya sa sojojin da ke ƙarƙashinsa suke bin maganarsa. Yesu ya yaba masa ƙwarai. Darasin da malaman Kirista ke cirowa a nan shi ne, mai hurumi na gaske shi ma akwai wanda yake yi wa biyayya. A Luka sura ta 10 kuma, almajiran da aka aika sun dawo suna murna cewa har aljanu suna bin umarninsu. Yesu ya tabbatar musu ya ba su hurumi a kan ƙarfin maƙiyi, kalmomin nan biyu a jimla guda, sannan nan take ya ja musu kunne kada wannan ya zama abin alfaharinsu.

To ina matsayin mugunta? Kiristanci bai ce Shaiɗan tatsuniya ba ne, bai kuma ce ba shi da ƙarfi ba. Abin da ya ƙi amincewa da shi shi ne a ce Shaiɗan kishiyar Allah ne. An taɓa yin wannan muhawara da zafi. A ƙarni na uku wani mutumin ƙasar Farisa mai suna Mani ya koyar da cewa haske da duhu asali biyu ne, duka dawwamammu, suna yaƙi tun fil azal. Agustin, wanda aka haifa a shekara ta 354 a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya yi kusan shekara 9 yana bin wannan tafarki kafin ya bar shi, daga baya ya zama bishop na birnin Hippo, wato Annaba ta yanzu. Amsar da ya bayar ita ce mugunta ba ta da asalin kanta, lalacewar alheri ce, kamar yadda ciwo yake rashin lafiya ne a jikin da aka halitta lafiyayye. Mu ɗauki riga mai huji. Hujin gaskiya ne, sanyi na shiga ta nan, amma ba wanda ya taɓa zuwa kasuwa ya sayo huji. Sai da riga huji yake samuwa.

A shekara ta 1215 babban taron Cocin Katolika na Lateran na huɗu, a birnin Roma, ya rubuta wannan matsayi a fili: Allah ne ya halicci Iblis da sauran aljanu da kyakkyawar ɗabi'a, su ne da kansu suka zaɓi lalacewa. Halitta ke nan, ba mahalicci ba. Shi ya sa a farkon littafin Ayuba Shaiɗan bai iya taɓa Ayuba ba sai da aka ba shi dama, kuma aka shata masa iyaka har sau biyu: karo na farko kada ya taɓa jikinsa, karo na biyu kada ya ɗauki ransa. A Wahayin Yahaya sura ta 12 ma, wanda ya gwabza da macijin nan mala'ika Mika'ilu ne, halitta da halitta. Ke nan dambe tsakanin Allah da Shaiɗan babu shi a wannan koyarwa.

Sai dai mugunta tana iya yin abin mamaki, kuma a nan ne mutane suka fi faɗawa rami. A littafin Fitowa, masu sihirin Fir'auna sun mai da sandunansu macizai, sun mai da ruwa jini, sun fito da kwaɗi, sai a annoba ta uku suka gaza. Wanda ya tsaya kallo a zagayen farko kaɗai, da wuya ya bambance Musa da su. A Matiyu sura ta 7 Yesu ya yi maganar wasu da za su zo ranar shari'a suna tinƙaho da annabci da fitar da aljanu da mu'ujizai da sunansa, amma ya kore su saboda mugun aikinsu. Ku lura, bai ƙaryata cewa sun yi abubuwan ba. Ma'aunin da ya bayar a surar shi ne 'ya'yan da itace ya haifa, wato halin mutum da abin da aikinsa ya jawo.

Labarai biyu a Ayyukan Manzanni sun ƙara fito da batun. A sura ta 8, Siman mai sihiri a Samariya ya ga abin da manzanni ke yi, sai ya ciro kuɗi yana neman a sayar masa da wannan baiwa. Bitrus ya tsawata masa sosai. A sura ta 19, a birnin Afisa, 'ya'yan wani babban firist na Yahudawa su bakwai sun ari sunan Yesu kamar laƙani, suka je fitar da aljani. Mai aljanin ya far musu, suka fita da gudu tsirara da raunuka. Sunan daidai ne, amma ba wanda ya aike su. Na farko ya ɗauka hurumi haja ce, na biyu sun ɗauka haddar kalmomi ce.

Idan ba a gane hurumi da al'ajibi, da me ake gane shi? Amsar Kiristanci ita ce hidima. A Markus sura ta 10 Yesu ya kwatanta sarakunan al'ummai masu danne talakawansu, ya ce wa almajiransa kada a ga haka a tsakaninsu, mai son girma ya zama mai yi wa saura hidima. A Yahaya sura ta 13 ya ɗaura tawul ya wanke musu ƙafafu, aikin da bara ke yi. Kuma a imanin Kirista, babbar nasara a kan ikokin duhu a kan gicciye aka same ta, inda idon mutane ya ga kayarwa. Bulus da kansa ya roƙi a cire masa wata damuwa har sau uku, ba a cire ba, kuma wannan bai rage masa manzanci ba.

Me ya sa na damu da wannan har na kawo shi nan? Domin cakuɗa ƙarfi da hurumi yana cin rayuka, ta hanya biyu. Ta farko, mutane su miƙa wuya ga duk wanda ya burge su. A 1978, a Jonestown ta ƙasar Guyana, mabiyan Jim Jones fiye da 900 suka mutu rana guda, mutumin da ya tara jama'a da iƙirarin warkarwa. A 2023 aka fara tono gawarwaki a dajin Shakahola na ƙasar Kenya, har suka haura 400, inda ake tuhumar wani mai wa'azi, Paul Mackenzie, da umartar mabiyansa su yi azumi har mutuwa. Irin waɗannan shugabanni sukan kafa wa kansu katanga da cewa ba a taɓa shafaffe na Allah. Amma a littafin da suke riƙe da shi, annabi Natan ya tsaya gaban Sarki Dawuda ya faɗa masa laifinsa, Bulus ya tsawata wa Bitrus a bainar jama'a a Antakiya, kuma an yaba wa mutanen Biriya saboda suna bin diddigin wa'azin Bulus a cikin nassi. Shugaban da ya fi ƙarfin tambaya ya riga ya fita daga layin da hafsan nan na Roma ya bayyana.

Hanya ta biyu ita ce tsoro. Wanda ya ɗauki mugunta a matsayin kishiyar Allah, ko'ina maye yake gani. Kasuwa ta mutu, sai a nemi tsohuwar gida. Yaro ya cika ciwo ko ƙiriniya, sai a ce shi ke cin arzikin iyali. A Jihar Akwa Ibom abin ya kai har a 2008 aka sa hannu a dokar kare haƙƙin yara wadda ta mai da zargin yaro da maita laifi. Alhali wasiƙar Afisawa sura ta 6, wadda aka fi kafa hujja da ita a maganar yaƙin ruhaniya, ta fito fili cewa kokawar ba da 'yan Adam ake yin ta ba. Makaman da ta lissafa kuwa su ne gaskiya da adalci da bisharar salama da bangaskiya da ceto da maganar Allah da addu'a. Babu bulala a ciki, babu korar yaro daga gida.

Na san wani zai ce, ai Kiristoci ne da kansu ke cika filin taro suna neman mu'ujiza, don me za ka ce koyarwar ba haka take ba? Tambaya ce mai kyau. Kiristanci bai hana neman waraka ba, Linjila cike take da labaran warkarwa. Kuma majami'u sun sha bamban a kan wa ke da hurumin me. A Cocin Katolika, dokar coci ta 1983 ta ce ba mai yin addu'ar fitar da aljani a hukumance sai firist da bishop ya ba izini, kuma tsarin da aka sabunta a 1999 ya nemi a fara tabbatar da cewa ba taɓin hankali ne ke damun mutum ba. Majami'un Fentikos kuwa suna koyar da cewa kowane mai bi yana da wannan hurumi da sunan Yesu. Saɓanin ba ƙarami ba ne. Amma duk ɓangarorin sun haɗu a kan cewa hurumin na Almasihu ne, mutum ɗan aike ne kawai. Abin da wasu mabiya suke yi kuma, da koyarwar ake auna shi, kamar yadda ake yi wa kowane addini adalci.

Abin da ya rage namu ne, mu masu alƙalami. Idan za ka sa fasto ko mai bishara ko dattijuwar zumuntar mata a labarinka, kada ka mai da su bokaye masu riƙe da wani littafi daban. Idan kana son mai karatu ya gane na gari da na banza, kada ka auna su da wanda wutarsa ta fi ci. Nuna mana yadda kowannensu yake yi da kuɗin baiko, yadda yake amsa wa wanda ya yi masa gyara, da abin da yake faɗa wa uwar da ta kawo ɗanta tana zarginsa da maita. Mugun da ke jikin labarinka ma ka bar shi ya yi abin al'ajabi, har ya fi na garin tara jama'a, domin haka abin yake faruwa a zahiri. Mai karatun da ya koyi bambance su a shafin littafi, wata rana zai iya bambance su a unguwarsu.

Ina jiran tsokacinku, musamman waɗanda suka taɓa rubuta irin wannan fitowa. Da me kuka nuna wa mai karatu mai gaskiya a cikin biyun?

Sai mako mai zuwa.