Ku Ƙyale Mai Kwarashi Ta Yi Saƙarta

Jama'a, wai me ya tsone wa wasu ido da ma'aikaciyar da ke saƙa a cikin mota? Baiwar Allah ta samu sabon aiki a Abuja, tsadar haya ta kora ta Mararraba, kullum tun asuba tana cikin gosulon Nyanya, ga sabon oga da ba ta gama sanin halinsa ba. Ta fito da kwarashi da zaren ulu don hankalinta ya kwanta, sai a hau zunɗe, wai ƙauyanci ne, wai aikin matan kulle. Haba!

Su masu zunɗen me suke yi? Latsa waya har a sauka. Ita kuwa kafin hunturu ta haɗa hula da safar jarirai, har ta samu na cefane. Maza nawa ke ɗinkin hula a bakin titi, wa ya ce musu uffan? Tom Daley ma, ɗan Ingila mai lambar zinare, ya zauna cikin 'yan kallo yana saƙa a gasar Olamfik ta Tokyo a 2021, aka yi ta yaba masa.

Marubutanmu ma da laifinsu. In dai jarumar littafi ma'aikaciya ce, makullin mota kawai ake ɗora mata a hannu.