WAYAR BOTIN BA ZA TA ƘARASA MANA LITTAFI BA



Kwanan nan wata magana ta yi yawa a bakin masu sha'awar rubutu. Ka tambayi mutum ina labarin da ya ce zai kammala kafin azumi, sai ya ce wayarsa ce matsala. Wai waya mai shafawa ba ta rubutu ba ce, yatsa na zamewa, kuskure na yawa, da zai samu irin BlackBerry ɗin da, ko Nokia mai cikakken botin, da tuni ya kai babi na talatin. Wasu har sun fara nuna hotunan sababbin wayoyi masu madannai da suka gani a intanet, suna tambayar yadda ake odarsu daga waje. Mu dai ba mu yarda da wannan uzuri ba. Mun yi shekaru muna rubutu da wayar botin a nan Rijiyar Zaki, mun san daɗinta, mun kuma san abin da ta ci mana.

Bari mu fara ba ta haƙƙinta. Rijiyar Zaki tana cikin ƙaramar hukumar Ungogo, a kan titin Gwarzo, inda gidajen birni ke ƙarewa gonakin gero da dawa da gyaɗa su karɓa. Da yawanmu da damina safiyarmu a gona take. Wanda ya taɓa ƙoƙarin rubuta jimla a kan gilashi da hannun da ya jiƙe da gumi ya san yadda wayar ke haukacewa, ka taɓa nan ta buɗe can. Da rana tsaka hasken rana yakan rinjayi na gilashin, sai ka nemi inuwar darbejiya kafin ka ga abin da ka rubuta. A cikin adaidaita sahu daga nan zuwa Kabuga kuwa, kowane gargada sai ya ƙara maka harafin da ba ka nema ba. Wayar botin ba ruwanta da wannan duka. Yatsa na jin kowane harafi, har mutum ya saba ya riƙa rubutu idonsa na kan hanya. Cajinta yakan kwana biyu, a wurin da wuta sai an ga dama, kuma in ta faɗi sai ka ɗauka ka kaɗe ka ci gaba. Duk wannan gaskiya ne.

Gaskiya ne kuma cewa a kanta da yawanmu muka fara. Layin GSM ya shigo Najeriya a 2001. Nokia E71 ta fito a 2008, BlackBerry Curve 8520 a 2009, Nokia C3 a 2010, Asha 200 a 2011. Zamanin musayar lambar PIN ta BBM ke nan, da kwana a 2go, da shiga Facebook ta Opera Mini. Labaranmu na farko a kan waɗannan ƙananan madannai muka buga su, da manyan yatsu biyu, cikin dare. Shi ya sa in an ambace su zuciya take karyewa. Amma a yi hattara, kada kewar ƙuruciya ta rikiɗe mana ta zama shaidar ingancin waya.

Ku ɗauko ɗaya daga cikinsu in da wadda ta rage a durowa, ku ƙirga haruffan. Ashirin da shida ne, a jere irin na tafireta da aka tsara wa Ingilishi a Amurka tun shekarun 1870. Akwai q, akwai v, akwai x, waɗanda Hausa ba ta da aikin da za ta ba su. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. A BlackBerry in ka danne harafi ka murza abin tsakiya, sai ta kawo maka é da ü da ñ, saboda an tuna da Bafaranshe da Bajamushe da mutumin Sifen. Bahaushe bai zo cikin lissafi ba. In ma ka yi dabara ka kwafo ƙ daga wani wuri, sau da yawa ɗan akwati take zama a wayar wanda ka aika wa. Saƙon tes kuma haruffa 160 yake ɗauka, amma da zarar harafi ɗaya irin namu ya shiga sai ya koma 70, kuɗin saƙo ya ninka. Wato a wancan lokacin rubuta Hausa daidai tara ake ci a kansa.

To, sai muka yi dabarar talaka. Q ta zama ƙ, lamba 6 ta zama ɓ, aka riƙa liƙa wa d waƙafi a ka, x ta kori z ba gaira ba dalili. Lafiya ta koma lfy, na gode ta koma ngd. A lokacin lalura ce, kuma ba ma zargin kowa. Abin takaicin shi ne lalurar ta wuce, ɗabi'ar ta zauna. Yau ka buɗe littafin da ake turawa a WhatsApp ko Wattpad, mai shafi ɗaruruwa, marubuciya mai basira da iya ƙulla zare, amma tun layin farko za ka ci karo da "qawarta" da "6acin rai" da "xuciya". Ƙannenmu da ba su taɓa riƙe wayar botin ba su ma haka suke rubutawa, don a wajenmu suka gani. Wannan shi ne gadon da wayar ta bar mana, kuma ita ce wasu ke cewa a dawo da ita don a gyara rubutu.

Mun san amsar da za a ba mu: ai mai karatu yana ganewa. Wani lokaci yana ganewa, wani lokaci kuma sai ya koma baya. Rubuta "ta bata kudin" ka ba mutum biyu su karanta. Ɗaya zai ce ta ba ta kuɗin, ɗaya zai ce ta ɓata kuɗin, kuma a cikin labarin kishiyoyi wannan bambancin shi ne labarin gaba ɗaya. Rubuta "kura ta taso daga bayan gari", ka gaya mana ko guduwa za mu yi ko rufe hanci. "Baki" na cin tuwo ne, ko baƙi ne suka yi sallama? Ku tuna cewa rubutunmu na boko dama ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Gari na zama da gari na tuwo iri ɗaya muke rubuta su, haka wuya ta jiki da wuya ta wahala. Mai karatu dama yana ɗauke da kayan canka a kansa tun kafin ya fara. In muka cire ƙugiya mun ƙara masa wani buhu. Duk daƙiƙar da ya ɓata yana warware kalma, ya fita daga ɗakin da muka sa shi, ya daina jin kukan jarumar, ya koma mai gyaran jarrabawa. Wannan ga Bakano ke nan. Yaron da yake koyon karatu fa, ko ɗan zango a Kumasi, ko wanda ya koyi Hausa a makaranta?

Waɗannan haruffa ba jiya aka ƙirƙiro su ba. Tun shekarun 1930 suka zauna a rubutun boko, a zamanin da ake buga littattafan Hausa a Zariya, aka kuma fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Masu tafireta da yawa da biro suke bin takarda suna sa wa kowace k da d da b ƙugiyarta bayan sun gama bugawa. Sun ɗauki wahalar saboda sun san ƙasa daban, kasa daban. Haka nan wanda ke da burin shiga gasa irin Hikayata ta BBC Hausa, wadda ake yi tun 2016, ya sani cewa ƙa'idar rubutu tana cikin abin da alƙalai ke dubawa.

Yanzu mu zo kan kuɗi, tunda aljihunmu ba zurfi gare shi ba. Wanda ke shirin sayen tsohuwar BlackBerry ya san me zai saya. Kamfanin ya daina ƙera waya da kansa a 2016. WhatsApp ya daina aiki da tsarin BlackBerry a ƙarshen 2017, ya bar tsarin Nokia S40 na su Asha a ƙarshen 2018. An rufe BBM na gama-gari ranar 31 ga Mayu, 2019. Ranar 4 ga Janairu, 2022 kamfanin ya janye hidimar da tsofaffin wayoyin suka dogara da ita. Wata 'yar uwarmu a nan unguwa ta sayar da tunkiyarta bara ta sayo irin wannan waya ta hannu a wani shago cikin birni, mai shagon yana ta rantsuwar ai da tsohuwar zuma ake magani. Ta buga babi huɗu a ciki da murna. Da ta zo turawa masu karatunta babu hanya, sai da ta zauna ta sake kwafe su harafi bayan harafi a wayar ƙanenta. Yanzu fitilar gilashin kawai take haska ɗaki da ita.

Sababbin masu Android fa? Akwai su. Kamfanin TCL ya fitar da KEYone a 2017 da KEY2 a 2018 da sunan BlackBerry, daga nan aka tsaya. Unihertz na ƙasar Sin yana yin jerin Titan tun 2019. A farkon 2024 aka fito da Clicks, gidan waya mai madannai da ake zura iPhone a ciki, farashinsa ya faro daga dala 139, ban da kuɗin wayar. Ku juya wannan zuwa naira ku gani buhun taki nawa ne. Sannan ku yi tambayar da ɗan Rijiyar Zaki ya kamata ya yi kafin ya sayi kowace na'ura: in ta lalace wa zai gyara? Gilashin Tecno ko Itel ko Infinix in ya fashe da safe, ka je Farm Center ko titin Beirut ka dawo da sabo kafin la'asar. Madannan Titan in suka mutu sai jiran kaya daga waje. Kuma suna mutuwa, don ƙurar hunturu ƙarƙashin botin take shiga ta kwanta. Mun tuna yadda harafi ɗaya kan ƙage, kuma galibi wanda aka fi dannawa ne. A Hausa wannan harafin shi ne a. Gwada rubuta "Allah ya ƙara mana lafiya" babu shi. Bayan haka madannan sun cinye kusan rabin fuskar wayar, ga mai gyaran dogon babi kuwa layi nawa yake gani lokaci guda ba ƙaramin abu ba ne. Uwa uba, har yau haruffan nan ashirin da shida ne a jikinsu. In kana son ƙ, ko dai ka shiga saituna masu wahala, ko ka kira madannan kan gilashi, wato an gudu ba a tsira ba.

Abin da ake nema a nesa yana cikin aljihunmu. Madannan gilashi ba ƙarfe ba ne, shi ya sa ake iya sake musu harshe. Shiga saitin Gboard, ka je wajen harsuna, ka ƙara Hausa. Daga nan ka danne k ka ɗan riƙe, ƙ za ta fito, haka d, haka b. SwiftKey ma yana da Hausa. Ka kashe gyaran kai-tsaye na Ingilishi da ke mayar maka da kalmomi abin dariya. Minti biyu ne, kuma ko sisi ba za ka biya ba. Makon farko za ka ji hannunka ya yi nauyi, daga baya yatsa ya saba kamar yadda ya saba da botin a da.

Saura masu cewa wayar shafawa tana ɗauke hankali, ana cikin rubutu sai ga saƙo, sai ga bidiyo. Wannan ma gaskiya ne, maganinsa kuma kashe data. Gona da rana da gumi kuma suna da tsohon maganinsu, littafin rubutu na 'yan makaranta da biro. Ba ya neman caji, rana ba ta kashe shi, kuma biro yana da ƙugiyar kowane harafi. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991, duk kafin a san wayar hannu a Kano. Ka rubuta a takarda da rana, ka buga a waya da dare, bugun ya zame maka gyara na farko.

Masu iya magana sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. In babi na biyu ya gagare mu, mu binciki labarin, ko jarumin ne bai san abin da yake so ba, ko mu ne ba mu zauna ba. Sayen wata waya ba zai amsa wannan tambaya ba.

Aikin wannan mako ga shi: kowa ya rubuta shafi ɗaya na labarin da ya ajiye, kalma 300, babu q a gurbin ƙ, babu 6 a gurbin ɓ, babu x a gurbin z, ya kawo mu karanta tare. Wanda kuma yake ganin mun zalunci wayar botin, fili nasa ne, ya kare ta iya ƙarfinsa, za mu saurara. Sharaɗi ɗaya ne: ya rubuta martanin da ƙugiyoyinsa cikakku, sannan ya faɗa mana da wace waya ya buga shi.

Allah ya ƙara basira, ya albarkaci alƙalumanmu. Sai mako mai zuwa.